Zancen Kimiyya: Aibobin 'Yar Ajiya Mai Lamba D

Zancen kimiyya na wannan mako a kan wata 'yar ƙanƙanuwar aba ne wadda ido ba ya ganinta, amma kuwa babu wayar hannu ko kwamfuta da za a buɗe a tarar ba ta ciki, dubu bisa dubu. Turawa suna ce da ita filif-filof, watau sun kwaikwayi ƙarar abin da ke kifewa nan ya birkice can. Da Hausa sai a ce mata 'yar ajiya, gama aikinta ke nan. Iri-iri ce, amma wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba ita ce mai lamba D. Injiniyoyi sun so ta ƙwarai sabo da sauƙin halinta, sun kuwa yabe ta har yabon ya isa. Yau aibobinta za a tona, domin mutumin da ke aika kuɗi gida ta waya daga Jidda ko Landan, da wanda aka kwantar a asibiti na'ura tana ƙidayar bugun zuciyarsa, duk a kanta suka jingina, ya kamata kuwa mutum ya san inda bangon da ya jingina ya ke da tsaga.

Asalinta Ingila ne. A 1918 waɗansu masana biyu, William Eccles da Frank Jordan, suka ɗauki bawul biyu, watau kwalaben nan masu ɗumi da a ke gani cikin akwatunan rediyo na dā, suka haɗa su ta yadda in ɗaya ya kunnu sai ya danne ɗan'uwansa ya hana shi kunnuwa. Sai haɗin ya zama yana da mazauni biyu kaɗai, in kuwa an bar shi a ɗaya, nan zai tsaya har a zo a ture shi. Mazauni ɗaya aka ce da shi 0, ɗayan aka ce da shi 1. Da waɗannan alamu biyu kwamfuta ta ke yin dukan lissafinta, da rubutu, da hoto, da murya. Daga baya taransista ta kori bawul, aka kuma rarraba 'yan ajiya da haruffa, littafin da Montgomery Phister ya buga a Amurka a 1958 ya taimaka wajen yaɗa waɗannan sunaye. D ɗin nan harafin farko ne na kalmarsu mai ma'anar bayani, waɗansu kuwa sun ce ta jinkiri, duka biyun sun dace da ita.

Ga yadda ta ke aiki. Tana da ƙofar shiga biyu, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta agogo. Agogon nan ba mai hannu ba ne, lantarki ne mai hawa da sauka bisa ƙa'ida, sau miliyoyi cikin sakan guda. Daidai sa'ad da ya hau, sai 'yar ajiya ta dubi ƙofar saƙo, abin da ta tarar, 0 ne ko 1, ta kama shi, ta nuna shi a ƙofar fita, ta riƙe shi kankan har bugu na gaba. Ko duniya za ta tashi a ƙofar saƙo tsakanin bugu da bugu, ba ruwanta.

Mai sauraro ya kwatanta magina sun yi dogon layi suna miƙa wa juna tubali, ga makaɗi a gefe. Ko wane mutum ba ya karɓa sai ya ji ganga, in ya ji sai ya miƙa na hannunsa gaba ya karɓi na baya. Da haka aiki ya ke tafiya a tsare, ba wanda ya riga wani. Wannan ita ce fa'idarta duka. Abin mamaki shi ne kusan ko wane aibi da za a ambata daga cikin wannan fa'ida ya tsiro.

Na farko a fili ya ke. Wanda ba ya dubawa sai an buga ganga, makaho ne a sauran lokaci. In gajeren saƙo ya zo bayan bugu ya wuce kafin bugu na gaba, 'yar ajiya ba ta san an yi shi ba, sai injiniya ya yi wata dabara ya tsawaita saƙon har a gan shi. Har wa yau, mai lamba D ba ta san a ce mata ta huta ba. Ko wane bugu sai ta karɓa. 'Yar'uwarta mai lamba JK ana iya gaya mata ta tsaya yadda ta ke, ko ta juye, amma ita D in ana so ta riƙe abu bugu goma, sai a gina mata wata 'yar ƙofa a gabanta wadda za ta riƙa maido mata da abin da ke hannunta, ta yi ta karɓar abinta sau goma. Ba ta kuma san inda za ta tsaya ba sa'ad da aka kunna na'ura, ko 0 ko 1, duk wanda ya faɗo. Don haka a ke jan wata waya ta musamman zuwa gare su domin a share su tun kafin aiki ya fara.

Wannan karɓa ta dole tana cin wuta. Ko saƙo bai canja ba tun safe, taransistocin da ke cikinta masu jin agogo suna buɗewa suna rufewa a ko wane bugu, ko wane buɗewa da rufewa kuwa ɗan lantarki ne ya tafi ya zama zafi. A haɗa da wayoyin da ke kai bugun ga miliyoyin 'yan ajiya, sai a ga agogo da jama'arsa suna lashe babban rabo na wutar da ƙwayar silikon ta ke sha. Ɗumin da waya ke yi a aljihu, da batir da ke mutuwa kafin la'asar, suna da hannu ciki. Maganin da aka samu shi ne a riƙa datse bugun daga sassan da ba su da aiki, kamar a ce makaɗi ya daina kiɗa wa masu hutawa. Yana taimako ƙwarai, sai dai ko wace datsiya tana ɗan jinkirta bugun, jinkirin bugu kuwa wata masifa ce da za a zo kanta.

Ga kuma cin wuri. 'Yar ajiya guda ta irin da a ke yi yanzu tana cin taransista ashirin da 'yan kai, domin a gaskiya ma'ajiyai biyu ne a jere cikinta, ɗaya yana karɓa sa'ad da ɗaya ke riƙo. Duk wannan don a ajiye alama guda. Akwai wata ma'ajiya mai saurin gaske da ke yin wannan da taransista 6, akwai kuma wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙago a 1966 mai taransista ɗaya tak da ɗan mazubin lantarki. Waya mai gigabait 4 na ajiyar aiki tana riƙe da alamu fiye da miliyan dubu 32. Da 'yan ajiya masu lamba D za a yi ta, sai an nemi taransista wajen miliyan dubu 800, abin da ya ninka na babbar ƙwayar wayar sau da yawa. Shi ya sa ba a yin rumbu da ita, sai dai ɗan kwanon awo na kusa da hannu.

To, duk waɗannan kuɗi ne kawai, mai gini ya biya ya wuce. Abin da ke hana injiniyoyi barci maganar lokaci ce.

An ce tana dubawa daidai sa'ad da agogo ya hau. A takarda haka ne. Amma taransista ba aljani ba ce, tana bukatar ɗan lokaci kafin ta motsa. Sabo da haka wajibi ne saƙo ya iso ya natsu tun kafin bugun, ya kuma dakata kaɗan bayan bugun kada ya canja. Akwai wata sananniyar ƙwaya mai lamba 7474, cikin jerin da kamfanin Texas Instruments ya fitar a shekarun 1960, mai 'yan ajiya biyu a ciki, wadda ɗaliban lantarki suka daɗe suna koyon aiki da ita. Takardarta ta ce saƙo ya natsu nanosakan 20 kafin bugu, ya tsaya nanosakan 5 bayansa. Nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na sakan. Haske, wanda babu abin da ya fi shi gudu, santimita 30 kaɗai ya ke ci a cikinsa, tsawon rula ta 'yan makaranta. Grace Hopper, wata shahararriyar masaniyar kwamfuta ta sojan ruwan Amurka, ta kan raba wa masu sauraronta guntayen waya masu wannan tsawo don su riƙe nanosakan a hannu.

Na yanzu sun fi 7474 sauri nesa, amma harajin yana nan. A ko wane zagayen agogo sai an cire lokacin natsuwa, an cire lokacin da 'yar ajiya ke yi kafin amsa ta fito, abin da ya rage shi ne na ainihin lissafi. Gwargwadon yadda aka ƙara saurin agogo, gwargwadon yadda harajin ke cin babban kaso. Kuma ba ta san rance ba. A misalta aiki mai hawa biyu, na farko yana bukatar nanosakan 12, na biyu 8. Jimla 20, da an raba daidai 10 ya isa ko wanne. Amma 'yar ajiya ta tsaya tsakani ta ce sai an buga, don haka dole a sa agogo a 12, hawa na biyu ya gama ya zauna yana jira 4 a banza. Layi duka da tafiyar mafi nawa ya ke tafiya. Akwai wata ma'ajiya mai sauƙi wadda ƙofarta ke zama a buɗe rabin zagaye, ita tana yarda wannan hawa ya ranci lokaci daga wancan, waɗansu masu gina injuna masu tsananin sauri sun yi aiki da ita sabo da haka. Sai dai lissafinta da wuya, yawancin injiniyoyi sun gwammace su biya haraji su huta.

Sa'an nan a koma ga magina da makaɗinsu. In layi ya yi tsawo, na nesa ba ya jin ganga lokaci ɗaya da na kusa, sauti yana cin lokaci a hanya. Haka bugun agogo ya ke cikin ƙwaya. Agogo mai buga sau miliyan dubu 3 a sakan, zagayensa sulusin nanosakan ne, haske kansa santimita 10 zai ci, lantarki cikin siririyar waya kuwa bai kai haske gudu ba. To, a ce Tanko yana miƙa wa Audu, Tanko ya riga jin ganga. Ya saki tsohon tubali, ya karɓi sabo ya miƙo, duk kafin Audu ya ji. Sa'ad da Audu ya ji ya miƙa hannu, sabon ya kama, tsohon ya faɗi ƙasa. Alama guda ta ɓace ke nan, wata kuma ta yi tsalle ta riga lokacinta.

Wannan kuskure ya fi na makara muni. In saƙo yana makara, sai a sassauta agogo, na'ura ta yi aiki a hankali amma daidai. In kuwa riga ya ke yi, sassautawa ba ta da amfani ko kaɗan, gama ko makaɗi ya yi bugu ɗaya a sa'a, tazarar da ke tsakanin jin Tanko da jin Audu ba ta canja ba. Ƙwayar da aka riga aka toya da wannan ciwo sai dai a sāke zane a koma masana'anta, asarar watanni da dukiya mai yawa. Don gudun haka a ke cusa 'yan taransistoci a hanya, ba su da wani aiki sai ɓata lokaci. Abin dariya ne a ga mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu wajen neman sauri suna sayen jinkiri da kuɗinsu.

Duk da haka, waɗannan ana iya lissafa su a kauce musu, muddin saƙon daga cikin gida ya fito, daga wata 'yar ajiya mai bin ganga ɗaya. Amma na'ura ba ta zauna ita kaɗai ba. Yatsan mutum yana taɓa allo sa'ad da ya ga dama. Saƙon rediyo yana isowa daga wata na'ura mai nata agogo. Ko cikin waya guda akwai agogai da yawa da ba su san juna ba. Ba mai iya hana saƙon waje ya canja daidai cikin ɗan tsukin nan da aka haramta. Yau ko gobe sai ya faɗa ciki.

Me ke faruwa in ya faɗa? Da fari mutane sun zaci amsa mai sauƙi ce, ko ta kama tsohon ko ta kama sabon, duka biyun kuwa ba laifi. Ashe akwai hali na uku. A irin su 7474, abin da ya yi ƙasa da bolt 0.8 shi ne 0, abin da ya haura bolt 2 shi ne 1. In an ture ta da ƙarfin da bai isa ya kai ta can ba, bai kuma bar ta nan ba, sai ta maƙale a tsakiya, sassanta biyu suna danne juna da ƙarfi ɗaya, kamar kwabon da aka jefa sama ya sauko ya tsaya a kan gefensa. Zai faɗi, ba shakka. Amma ba mai iya cewa yaushe, ko ta wace fuska.

Malamai sun san wannan tambaya tun kafin a san lantarki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin mutum da aka ajiye wa dabino biyu iri ɗaya ta ko wace fuska cikin littafinsa Tahafutul Falasifa, ya nuna mutumin zai ɗauki ɗaya lalle, domin yana da nufi, aikin nufi kuwa shi ne ya fifita abu a kan irinsa. Turawa suna da jaki wanda ya mutu da yunwa tsakanin damin ciyawa biyu, suna jingina shi ga Buridan, wani malamin Faransa na ƙarni na 14, ko da ya ke ba a sami jakin cikin littattafansa ba. 'Yar ajiya ba ta da nufi. Jakin nan ce, sai dai ita ba ta mutuwa, ɗan motsin lantarki ya kan ture ta daga baya.

Haɗarin shi ne kafin ta faɗi bugu na gaba ya iso. Sassa biyu na na'ura suna kallon amsarta, wannan ya karanta 0, wancan ya karanta 1, ɗaya ya ce an ba da izini, ɗaya ya ce ba a bayar ba, sai injin ya shiga halin da mai zanensa bai taɓa tanada ba. Ya tsaya cik, ko ya rubuta abu inda bai kamata ba. A kashe a kunna, ya tashi lafiya lau, mai gyara ya bincika bai ga kome ba, gama babu abin da ya ƙone.

An daɗe injiniyoyi da yawa ba su yarda da wannan ba, suna cewa ai da an ƙara wata dabara da an kawar da shi. A 1973 Thomas Chaney da Charles Molnar na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka suka buga bincikensu tare da hotunan da suka ɗauka daga na'urar nuna motsin lantarki, ga 'yan ajiya nan a maƙale, waɗansu ma suna ta karkarwa tsakanin sama da ƙasa. Leslie Lamport, wani babban masanin kwamfuta, ya rubuta a 1984 cewa wannan doka ce ta halitta, duk abin da aka tilasta wa ya zaɓi ɗaya cikin biyu bisa ga abin da ke canjawa a hankali, ba za a iya yanka masa iyakar lokacin zaɓi ba. Takardar ba ta sami mai buga ta ba sai 2012. Duk na'urar da aka ƙera don ta gane an maƙale, ita ma sai ta yanke hukunci ko an maƙale ko ba a maƙale ba, ga jakin nan ya sāke dawowa ta ƙofar baya.

Abin da ya cece mutane lissafi ne. Maƙalewar da ta daɗe tana da wuyar samuwa, wuyar kuwa ninkawa ta ke yi. A misalta ko wane ɗan taƙin lokaci rabin waɗanda suka maƙale suna faɗuwa. Bayan taƙi 10 saura ɗaya cikin 1,024, bayan 20 kamar ɗaya cikin miliyan, bayan 30 ɗaya cikin miliyan dubu. Don haka a ke jera 'yan ajiya biyu a ƙofar da baƙon saƙo ke shigowa. Ta farko ta tari haɗarin, a ba ta zagaye guda cur ta natsu, ta biyu ta karɓa daga hannunta, ita kaɗai sauran na'ura ke saurare. Inda rai ke ciki, kamar jirgin sama, a kan sa uku. Da haka kuskuren da zai riƙa zuwa kullum sai a tura shi ya koma sau ɗaya cikin dubban shekaru. Amma a lura, an ce dubban shekaru, ba a ce har abada ba. Kuma kamfanin da ya sayar da na'ura miliyan 10, in ko wace tana kuskure sau ɗaya cikin shekara miliyan, to, kuskure 10 ya ke jira ko wace shekara. Ladan wannan magani shi ne ko wane saƙo ya makara da bugu ɗaya ko biyu.

Maganin kuma na waya guda ne. In lamba ce mai alamu da yawa za ta ƙetare, akwai wani tarko. A rubutun kwamfuta 7 ita ce 0111, 8 kuwa 1000, alamu huɗu duka suna juyewa tare. In bugu ya faɗo a tsakiyar juyin, wata ta kama tsoho wata ta kama sabo, ana iya karanta 15, ko 0, ko ko wace lamba tsakaninsu. Nan a ke komawa ga wata hanyar ƙidaya mai sunan Frank Gray na ɗakin binciken Bell, wanda aka ba hakkin ƙagowa a 1953, inda daga lamba zuwa mai bi mata alama ɗaya tak ke canjawa. In an kama a tsakiya, ko 7 a gani ko 8, babu ta uku.

Waɗansu masana sun ce tun da ganga ce tushen wahala, a sallami makaɗi. A shekarun 1990 Steve Furber da abokan aikinsa a Jami'ar Manchester suka gina ƙwayoyin lissafi masu suna AMULET waɗanda ba su da agogo sam, ko wane sashi yana ce wa na gaba ga shi, na gaba ya amsa ya karɓa. Sun yi aiki, amma kasuwa ba ta bi su ba, gama kayan zane da na gwaji da horon injiniyoyi duk a kan 'yar ajiya mai lamba D aka gina su. Can ma in roƙo biyu suka iso ƙofa ɗaya a tare, mai raba gardama ya kan maƙale. Bambancin shi ne injin marar agogo yana iya tsayawa ya jira shi har ya yanke, ba ya karanta rabin amsa. Sai dai a lokacin ba mai iya yi wa mai na'ura alkawarin sa'ad da amsar za ta fito.